Ku Tambaya, Masana Su Amsa: Daga Tandar Masa Zuwa Buhun Wake

Wasiƙun wannan wata kusan duk hunturu ne ya kawo su. An gama kaka, ƙura ta sauko, safiya ta yi sanyi. Kamar kullum, tambayar girki mun miƙa ta ga masu girki, ta mota ga bakanike, ta hatsi ga malamin gona. Wasu wasiƙun mun taƙaita su saboda fili.

MASATA TA ƘI TASHI

Assalamu alaikum. Ina masar sayarwa da safe. Tun shigowar sanyi ƙulluna ba ya tashi, masar ta fito a cure, ciki ba ƙofofi. Na ninka yis, sai ta koma warin yis ga tsami, kuma tana kama tanda.
Uwargida, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba yis ne ya yi miki kaɗan ba, ɗumi ne ya yi kaɗan. Yis abu ne mai rai. Sanyi yana sa shi kasala, ɗumi yana tayar da shi, ruwa mai zafi sosai kuma yana kashe shi. Ƙullun da zai tashi cikin awa 3 ko 4 da bazara, a wannan lokaci yana iya cin awa 7 ko 8 idan an bar shi a tsakar gida. Da kika ninka yis sai kika samu warinsa ba ki samu aikinsa ba.

Fara da gwada yis ɗin kansa. Rabin kofi na ruwa mai ɗumi, irin wanda za ki iya wanke jariri da shi, ƙaramin cokali na sukari, sai yis ɗin. Ki ba shi minti 10. In ya yi kumfa ya taso, yana da rai. In ya kwanta shiru, ki zubar. Yis ɗin da ake ƙullawa a farar leda a ajiye a kan tebur rana na dukansa, sau da yawa ya mutu tun kafin ya iso gidanki. Gara ki sayi na fakiti, in kin buɗe ki ɗaure bakinsa tam ki sa a kwalba.

Ga awo da za ki iya ninkawa gwargwadon cinikinki. Gwangwanin madara 8 na shinkafar tuwo, a jiƙa awa 6 zuwa 8. Gwangwani 1 daban, a dafa shi ya yi luguf, a bar shi ya huce sarai kafin a haɗa. Babban cokali 1 na yis ya isa wannan, da babban cokali 2 na sukari tun farko don yis ya samu abin ci. Sauran sukari da gishiri sai bayan ƙullu ya tashi, domin gishiri yana rage wa yis ƙarfi. Wajen niƙa ki tsaya a kai. Ki sa a ɗauraye injin, kuma kada a cika ruwa. Ƙullun masa ya zama in kin ɗaga ludayi yana zuba kamar igiya, ba yana tsiyaya kamar koko ba. In ya fito daga inji da zafi, ki bari ya sha iska kafin yis ya shiga.

Maganin sanyin kuwa yana cikin ɗakinki. Ki ɗauraye bokitin da ruwan zafi kafin ki zuba ƙullu, kada ki cika shi ya wuce rabi, ki rufe, ki zaunar da shi cikin babban baho mai ruwan ɗumi ko cikin babbar kula, ki lulluɓe da bargo. Kada ki jingina shi da murhu, gefen da wuta ke duka zai dahu yis ɗin wajen ya mutu. Da asuba za ki ga ya kumbura, samansa duk ƙofofi. A lokacin ne za ki ɗiga ruwan kanwa da kika jiƙa kika tace, kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa har tsamin ya kwanta. Kanwa in ta yi yawa masa za ta yi ja, ta yi bauri. Ki buga ƙullun sosai da ludayi kafin ki fara suya.

Kama tanda abu uku ke kawo shi: tandar ba ta yi zafi ba aka zuba, ko sukari ya yi yawa, ko an kankare tandar da soson ƙarfe da sabulu har maiƙon da ya zauna mata ya fita. In na ukun ne, ki ɗora ta a wuta, ki zuba mai a kowane gurbi, ki soya yankakkiyar albasa a ciki har ta ƙone, ki goge da tsumma, ki maimaita sau biyu. Daga nan tsumma da ruwan ɗumi sun ishe ta. Kuma kada ki juya masa sai gefenta ya bushe, samanta ya huda.

MOTATA TANA ZAFI A CUNKOSO

Corolla gare ni, ina jigila daga Daura zuwa Kano ta Kazaure da Ɗambatta. A kan hanya allurar zafi tana tsakiya, amma da na shiga cunkoson Kano sai ta fara hawa. An ce in cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. In yi?
Direba, Daura

Malam, kada ka yi ko ɗaya. Bayanin da ka bayar ya riga ya nuna inda ciwon yake. Motar da ke lafiya a guje amma ta yi zafi a tsaye, iska ce ba ta ratsa lagireto. A kan hanya gudu ne ke ba ta iska, a cunkoso kuwa aikin fanka ne. Da a ce a guje take zafi, ko a hawan tudu da lodi, da sai mu fi zargin toshewar lagireto ko famfon ruwa.

Ka gwada da kanka. Ka tayar da mota a tsaye, ka buɗe bonet, ka kunna esi. A yawancin irin waɗannan motoci fanka za ta tashi nan take. In ba ta tashi ba, a duba fis, sai rile, sai soket ɗin da ke jikin fankar, wanda yakan ƙone ko ya yi tsatsa, sannan motar fankar kanta. In tana juyawa amma a sanyaye, gawayin cikinta ya cinye. In tana tashi da esi amma ba ta tashi don kanta idan inji ya ɗau zafi, a duba na'urar da ke auna zafin ruwa. Duk wannan aikin mai wayarin ne, kuma bai kai kuɗin gasket ba, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, wadda zafi ke ƙonawa.

Abu na biyu shi ne ƙura. Tsakanin lagireto da ragar esi da ke gabansa akwai ɗan fili, kuma a hanyarka nan ne ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da gutsattsarin leda suke taruwa su zama kamar tabarma. Daga waje ba a gani. A kwance a raba su, a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana kwantar da siraran haƙoran lagireto, iska ta rasa hanya.

Yanzu ga dalilin da ya sa muka hana ka cire tamostat. Ƙofa ce da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, sannan ta buɗe. Lambar da take buɗewa tana rubuce a jikinta, a Toyota da yawa 82 ce. In ka cire ta, da safe injin zai daɗe bai ɗau zafi ba, musamman a wannan sanyi. Kwamfutar mota za ta ɗauka har yanzu injin sanyi gare shi, ta ci gaba da tura fetur fiye da kima. Ka sha mai, filogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke da wuri. In kana zargin ta maƙale, ka jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga ta buɗe baki. In ba ta buɗe ba, a sa sabuwa. Fanka kai tsaye kuma tana aiki ba hutu, ta ƙone da wuri, kuma ranar da ta mutu a hanya ba ka da labari.

Ka duba murfin lagireto, mutane suna raina shi. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a maki 100. A samansa za ka ga 0.9 ko 1.1, ka sayi daidai da wanda ya zo da motar. In robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa gudu ta butar gefe kana ƙari kullum. Ruwan ma abin dubawa ne. Na rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse da tsatsa a cikin bututu. Ka yi amfani da ruwan lagireto mai launi, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Garin sabulu, ɗanyen ƙwai, garin barkono da ake zubawa wai don toshe yoyo, duk suna toshe lagireton ne gaba ɗaya.

In allura ta hau kana tuƙi, kashe esi, kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi, ka nemi gefe ka tsaya. Kada ka taɓa murfi sai bayan aƙalla minti 30, kuma da tsumma mai kauri, a hankali. Mutane da yawa sun ƙone fuska a nan. Kada ka watsa wa inji ruwan sanyi, kan silinda yana iya lanƙwashewa. In kuwa ka ga ruwa yana ɓulɓulo da kumfa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya yi zafi, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya yi kamar shayi da madara, gasket ta riga ta tafi. A nan sai a ajiye motar.

WAKE BUHU UKU

Na sayi wake buhu 3 a kasuwar Mai'aduwa don cin gida har damina. Bara rabin abin da na ajiye gari ya zama. Maƙwabcina ya ce in yayyafa fiya-fiya ko in jefa ƙwayar bom. Wanne ya fi?
Ma'aikaci, Sandamu

Yallaɓai, don Allah ka nisanci duka biyun. Fiya-fiya guba ce, ba a yi ta don abin da za a ci ba, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba irinta a hatsi. Ƙwayar bom kuwa iska take saki mai kisa. An yi ta ne don ƙwararru su yi turare a rufaffen sito nesa da mutane. A gida iskar tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da saman silin ta shiga ɗakin kwana, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Ba abin da za a ajiye a gidan iyali ba ne.

Ka san cewa ƙwaron ba daga ɗakinka ya shiga buhu ba, tun daga gona ya biyo waken. Ɗebo hannu ɗaya ka duba a rana. Za ka ga wasu ƙwayoyin da ɗan farin ɗigo manne a jiki, ƙwai ke nan. Tsutsar tana huda ta shiga ciki ta ci, ta fito babban ƙwaro cikin mako 3 zuwa 4 idan akwai zafi, ta sake yin ƙwai. Shi ya sa buhun da ka gani tas a Disamba yake zama gari a Afrilu. Amma ƙwaro yana numfashi. In ka hana shi iska, shi da tsutsarsa duk za su mutu ba tare da ɗigon magani ba.

Buhun da aka yi don wannan shi ne PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a yankinmu a 2007. Hawa uku ne: leda mai kauri biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma.

Kafin komai waken ya bushe. Ka shanya shi a kan tamfol kwana 2 ko 3, ka sheƙe, ka tsince masu huji da tsakuwa da guntun kara, domin su ke huda leda. In ka ciza ƙwaya ta fashe ƙas, ya bushe. In kana son tabbaci, zuba busasshen gishiri cokali ɗaya a busasshiyar kwalba, ka ƙara wake hannu ɗaya, ka rufe ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. Wake mai laima a rufaffiyar leda fumfuna zai yi. Kuma kada ka ɗura shi da zafin rana, bari ya huce a inuwa.

Ka hura kowace leda ka matse ka ji ko tana sakin iska. Ka sa ɗaya cikin ɗaya, ka zuba waken kana girgizawa ya zauna, ka bar wajen ɗauri. Ledar ciki ka matse iskarta, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa shi biyu, ka ɗaure da igiya ko tsinken roba. Ta biyu ma haka, ita kaɗai. Sannan buhun waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa bakin ukun a ɗaure lokaci ɗaya. A ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, saboda ɓera. Huji ɗaya ya ɓata aikin. Kada a buɗe kafin wata 2, don haka ka ware na cin wannan lokacin daban.

In buhun bai samu ba, jarkar man gyaɗa mai lita 25 tana yin aikin, tana cin wajen kilo 20. A wanke, a kife ta kwanaki har cikinta ya bushe ƙayau, a cika ta har wuya ana bubbugawa, a shimfiɗa leda a baki kafin a murɗa murfi. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan magana. Barkono da ake barbaɗawa yana ɗan korar ƙwaro, amma ba ya taɓa tsutsar da ke cikin ƙwaya.

TUWON DAWA DA GUDAJI

Amarya ce ni, tuwona kullum da gudaji.
Daga Unguwar Alkali, Katsina

Amarya, talgenki ne bai nuna ba, ko kina zuba gari da yawa lokaci ɗaya. Ki tankaɗe garin. Ki dama kashi ɗaya cikin huɗu da ruwan sanyi ya yi ruwa-ruwa, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa da muciya, ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan, ki rufe ya yi minti 15 yana ɓararraka. Sai ki rage wuta, ki ɗebi kaɗan daga talgen ki ajiye a kwano. Ki riƙa barbaɗa gari da hannu ɗaya kina tuƙawa da ɗaya, kina matse shi da jikin tukunya. In ya yi tauri ki sassauta da talgen da kika ajiye, kada ki sa ruwan sanyi. Ki rufe ya turara minti 10, ki sake tuƙawa, ki kwashe.

GAS ƊINA BA YA DAƊEWA

Tukunya mai kilo 12.5 ba ta kai mana mako 3, wutar ja ce, tana baƙanta tukwane. Ko ana tauye mana ne wajen ɗuri?
Maman yara, Layout, Katsina

Hajiya, wannan zargi sikeli ne ke raba shi. A jikin tukunyar, wajen mariƙi ko gindinta, akwai haruffan TW da lamba. Nauyin tukunyar ke nan ba komai a ciki. In an ɗura, sikeli ya nuna wannan lamba da ƙarin 12.5. A auna a gabanki kafin ɗuri da bayansa. Kuma kada ki nemi a ƙara miki ya wuce, domin da gangan ake barin fili a sama. Gas yana kumbura da zafi.

Ki yi lissafi kuma. Matsakaicin kan risho a buɗe sosai yana shan wajen giram 150 a awa, wato tukunyarki tana da kimanin awa 80 na kai ɗaya. Gidan da ke kunna kai biyu awa biyu-biyu kullum, kwana 20 ne. In kina dafa ruwan wanka a kai saboda sanyi, ga inda gas ɗinki yake tafiya.

Jar wuta kuwa asara ce ta gaske. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce. In ta yi ja tana lilo, iska ba ta isa gas ɗin ba, ba ya ƙonewa duka, ragowar ita ce baƙin da ke gindin tukunyar girkinki. Ki cire kan rishon, ki jiƙa a ruwan zafi da sabulu, ki bi ƙofofin da tsohon buroshi da tsinken sakace, ki bar shi ya bushe sarai. A ƙarƙashi, inda bututu ya haɗu da ɗan bakin da ke feso gas, akwai ƙofar iska, yawanci ƙura da yanar gizo sun toshe ta. Kada a faɗaɗa ɗan bakin nan da allura. In an gyara wutar ba ta canja ba, a sauya regileta.

Sannan yoyo. Ki kaɗa sabulu ya yi kumfa, ki shafa a bakin tukunya, da regileta, da duka bakin tiyo biyu. Inda ya yi ƙwai yana girma, nan ne. Kada a gwada da ashana. Tiyo ya zama na gas, da maɗauri na ƙarfe a kowane baki, in ya fara tsagewa ko ya yi tauri a canja. In kin ji wari, ki rufe daga tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki ko don kashewa. Gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, don haka buɗe taga kaɗai ba ya fitar da shi. Abinci in ya tafasa ki rage wuta ki rufe, ƙarin wuta ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi. Wake kuma a jiƙa shi tun dare.

TAYA 'YAR KWATANO

Yaya zan gane taya mai kyau cikin na hannu?
Malamin makaranta, Rimi

Malam, kyan zane ba shi ne shekaru ba. A gefen taya ka nemi haruffan DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Masu ƙera taya suna cewa daga shekara 5 a riƙa duba ta sosai, kuma kada ta wuce 10 ko da zanenta bai cinye ba. A zafin kwaltarmu na Afrilu, gara ka tsaya kusa da biyar ɗin. Ka lanƙwasa gefenta ka duba ƙananan tsaga, ka shafa cikinta da hannu ka ji faci ko ƙari. Taya mai ƙulu a gefe wayarta ta tsinke, ba ta gyaruwa. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, ta ƙasashen sanyi ce, robarta laushi gare ta, nan da nan za ta cinye a nan.

Iska kuma ba da bugun ƙafa ake gane ta ba. Adadin da motarka ke so yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin taya iyakarta ce, ba abin da za a ba ta ba. A auna da safe kafin ta ɗau zafi, har da safaya. Ƙarancin iska ya fi fasa taya a kan hanya, domin gefenta yana ta lanƙwasa har ya yi zafi ya rabu.

ZAN KAI HAJIYA ABUJA

Zan kai mahaifiyata ganin likita Abuja, da yara biyu. Ɗaya yana amai a mota, ita kuma ƙafarta tana kumbura in ta daɗe zaune.
Ɗanta, Ƙofar Marusa, Katsina

Allah Ya ba Hajiya lafiya. Tafiyar ta haura kilomita 500, ko ta Malumfashi da Funtuwa zuwa Zariya, ko ta Kano, wadda ta fi tsawo. Ka ɗauke ta a matsayin wuni guda. Ku tashi bayan asuba don ku shiga Abuja da sauran rana, kuma ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar kafin ka zaɓi wadda za ku bi. Ku shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan uwansa, kada ku tsaya a bakin titi don rangwame. In da hali ka biya wa Hajiya kujerar gaba ita kaɗai.

Za ka iya raba tafiyar. Ku kwana Kaduna, da safe ku hau jirgin ƙasa daga Rigasa, ku sauka Kubwa ko Idu. A jirgi za ta iya miƙewa ta taka, akwai kuma banɗaki. Ana yankar tikiti ta intanet, ana neman lambar NIN, kuma kujeru suna ƙarewa da wuri.

A mota, duk awa 2 a tsaya ta sauko ta ɗan taka. Tana zaune ta riƙa ɗaga yatsun ƙafa tana saukewa. Kada ta ƙi shan ruwa don gudun fitsari, tsofaffi suna yawan yin haka. Magungunanta da takardun asibiti su kasance a jakar hannu, ba a but ba. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, tana zafi da ciwo, ko numfashinta ya yi wuya, a nufi asibiti mafi kusa ba sai an kai Abuja ba. Ka gaya wa likitan nata maganar kumburin.

Yaron kuma ya ci abu kaɗan marar maiƙo awa ɗaya kafin tashi, kada ya tafi da yunwa, kada ya cika ciki. Ya zauna inda zai hangi hanya ta gaba, ba waya ba littafi, a ɗan sauke gilashi. Ka riƙe leda, tsumma da kayan canji a kusa. In aman ya yi yawa, ka haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ka ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta hukumar kiyaye haɗurra.

KASKON WUTA A ƊAKI

Kakarmu ba ta barci sai da kaskon garwashi, mu kuma muna tashi da ciwon kai.
Jikarta, Daura

'Yar uwa, wannan ciwon kai gargaɗi ne, ku ɗauke shi da gaske tun daren yau. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya yi ja ya daina hayaƙi. A rufaffen ɗaki tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya farkawa ya ji, nauyi kawai yake ƙarawa. Hayaƙin janareto ma haka yake, ko a zaure aka ajiye shi.

Ku lallashi Kaka. A ɗumama ɗakin tun magariba ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. A cika jarka ƙarama da ruwan zafi, a murɗe murfin da kyau, a naɗe da zane a sa mata wajen ƙafa. A ƙara shimfiɗa a ƙasa, domin sanyin siminti ya fi na sama cin jiki, a sa mata safa da hula. In wani ya tashi da jiri, amai ko ruɗewa, a fitar da kowa waje a buɗe ɗakin, a kai shi asibiti nan take ko da ya ce ya ji sauƙi, a kuma gaya wa ma'aikatan cewa da garwashi aka kwana.